Filin Tambaya da Amsa: Ta Yaya Ake Auna Abin da Ke Gudana a Cikin Tauraron da Ya Fashe?

Wasiƙu huɗu daga cikin waɗanda suka iso mana a wannan wata sun taru a kan magana ɗaya, wato asalin sinadarai da hanyar da masana ke bi su gano abin da ke faruwa a cikin taurari, saboda haka muka haɗa su wuri guda. Mun taƙaita tambayoyin domin amsoshin su sami fili.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni malamin kimiyyar sinadarai ne a wata makarantar sakandare a Zariya. Na gaya wa ɗalibaina cewa kabon da oksijin da ƙarfen da ke jikinmu a cikin taurari suka samu, sai wani yaro ya tambaye ni yadda aka san haka, alhali babu wanda ya taɓa zuwa tauraro, balle ya leƙa cikinsa a lokacin da yake fashewa. Mene ne ake aunawa, kuma a ina?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Yaron nan ya yi tambayar da ta dace, kuma ya cancanci cikakkiyar amsa. Abin da ake dogaro da shi shi ne, cibiyar ƙwayar zarra ta kabon da ke cikin tauraro ba ta da bambanci da wadda ke cikin gawayi a nan duniya. Don haka idan aka ɗauki cibiyoyi biyu a ɗakin gwaji, aka gwara su da irin kuzarin da suke da shi a cikin tauraro, aka kuma ƙidaya sau nawa suke haɗewa, to an auna abin da tauraron ke yi ba tare da an je can ba.

Wahalar tana cikin haɗewar. Kowace cibiya tana ɗauke da cajin lantarki iri ɗaya da na 'yar'uwarta, saboda haka ture juna suke yi. A tsakiyar ranarmu zafi ya kai kimanin digiri miliyan 15, amma duk da haka kuzarin da furoton guda, wato cibiyar haidurojin, ke yawo da shi bai wuce kimanin keV 1 ba a ma'aunin da masana wannan fanni ke amfani da shi, alhali katangar lantarkin da ke tsakaninsa da wani furoton ta kai ɗaruruwan keV. George Gamow ne ya nuna a 1928 cewa ƙwaya tana iya ratsa irin wannan katanga jefi-jefi, ko da kuzarinta bai kai na tsallakewa ba. Da wannan ratsawa ta jefi-jefi taurari ke ci, kuma ita ce dalilin da ya sa rana take cin makamashinta a hankali har na biliyoyin shekaru.

To, a nan ne abin da ake kira rezonans ya shigo. Cibiyar zarra ba ta karɓar kowane irin kuzari da aka ba ta. Tana da matakai ƙayyadaddu, kuma kowane sinadari da nasa. Idan cibiyoyi biyu suka yi karo, sai ya zamana jimillar kuzarinsu ta yi daidai da ɗaya daga cikin matakan sabuwar cibiyar da za su haifa, to yiwuwar haɗewarsu takan ninka sau dubbai, wani lokaci ma fiye. Duk wanda ya saba neman tasha a gajeren zango ya san yanayin: allura tana tafiya cikin shuuu, sai a wuri guda murya ta fito tangararau, da an ɗan gota kuma ta ɓace. Abubuwa biyu ake nema game da kowane rezonans, wato a wane kuzari yake, kuma mene ne ƙarfinsa. Na farkon ya fi tsanani, domin a zafin digiri miliyan 100, kuskuren keV 10 kacal a wurin da rezonans yake yakan sauya saurin haɗewar da kusan ninki uku. Lissafin ka'ida kaɗai bai kai ga faɗin wuraren waɗannan matakai da irin wannan daidaito ba a yawancin cibiyoyi, shi ya sa dole a auna.

Labarin da ya fi dacewa ka ba ɗalibanka shi ne na kabon. Idan tauraro ya cinye haidurojin da ke tsakiyarsa, sai ya koma ga hiliyam. Hiliyam biyu sukan haɗu su zama beriliyam-8 (lambar tana nuna yawan ƙwayoyin da ke cikin cibiyar), amma wannan cibiya ba ta da ƙarko ko kaɗan, takan rabe tun kafin a ce ta yi kashi ɗaya cikin biliyan na daƙiƙa, nesa ba kusa ba. A 1952 Edwin Salpeter ya nuna cewa a cikin wannan ɗan taƙi hiliyam na uku zai iya faɗo mata a sami kabon-12. Fred Hoyle, masanin taurari ɗan Ingila, ya duba lissafin ya ga cewa kabon da wannan hanya za ta samar bai kai yawan wanda ake gani a sararin samaniya ba, sai fa idan kabon-12 yana da wani mataki a wajen MeV 7.68 (MeV ɗaya keV 1,000 ne) da zai hanzarta aikin. A farkon 1953 ya kai wannan magana ɗakin gwaji na Kellogg da ke jami'ar Caltech a jihar Kalifoniya, inda William Fowler yake aiki, kuma ayarin Ward Whaling ya nemi matakin ya same shi a wurin da aka ce. Awon yau ya sa shi a MeV 7.65. Abin da ya fi ba ni mamaki a wannan labari shi ne, ko da an kai wannan mataki, kusan kullum cibiyar sake wargajewa take yi ta koma hiliyam uku; kimanin sau 4 ne kawai cikin 10,000 take fitar da haske ta zauna a matsayin kabon. Daga waɗannan huɗun ne mafi yawan kabon da ke cikin itace da hatsi da jikin ɗan Adam ya fito.

A 1957 Margaret Burbidge da mijinta Geoffrey Burbidge da Fowler da Hoyle suka fitar da dogon bayanin da ya tsara hanyoyin samuwar sinadarai a taurari, kuma Alastair Cameron ya kai ga irin wannan sakamako shi kaɗai a Kanada a shekarar. Fowler ya sami kyautar Nobel a 1983.

Akwai kuma shaida ta biyu da za ka ƙara wa yaron, wadda ta fito daga sama kai tsaye. A ranar 23 ga Fabrairu, 1987 aka ga fashewar wani ƙaton tauraro a wani garken taurari da ke maƙwabtaka da namu, a nisan da haske ke shafe kimanin shekara 168,000 kafin ya ratsa. Lissafi ya riga ya ce irin wannan fashewa za ta samar da nikel-56, wanda zai rikiɗe ya zama kobal-56, shi kuma rabinsa ya riƙa komawa ƙarfe a duk kwana 77. Hasken tauraron ya riƙa dusashewa daidai da wannan ƙidaya, kuma na'urori suka kama hasken gama, wato haske mai tsananin kuzari da ido ba ya gani, irin na kobal-56 yana fitowa daga wurin.

TAMBAYA: Ni ɗaliba ce a jami'a a Maraɗi. Na ji an ce masu wannan bincike a ƙarƙashin duwatsu suke aiki. Me ya kai mai nazarin sama cikin rami?

AMSA: 'Yata, neman shiru ne ya kai su. A kuzarin da taurari ke aiki da shi haɗewar cibiyoyi tana da wuya ƙwarai, ta yadda ko ana harba tiriliyoyin ƙwayoyi a kowace daƙiƙa, mai awo zai iya wuni bai ga alama ko ɗaya ba. A doron ƙasa kuwa, wasu ƙwayoyi da ake kira miyuwon, waɗanda ke samuwa idan ƙwayoyin sararin samaniya suka bugi iskar da ke sama da mu, suna ratsa kowane murabba'in santimita kimanin sau ɗaya a minti, kuma duk wanda ya bi ta cikin na'ura sai ya bar alama. Alamar da ake nema takan nutse a cikin wannan hayaniya.

Shi ya sa a farkon shekarun 1990 masana suka kafa ƙaramin injin harba ƙwayoyi a ɗakin gwaji na Gran Sasso a ƙasar Italiya, ƙarƙashin dutse mai kaurin kimanin mita 1,400, wanda ke rage yawan miyuwon sau miliyan. Sunan aikin LUNA. Injinsu na farko bolt 50,000 ne, na biyu kuma bolt 400,000, wato ƙanana ne idan aka kwatanta da manyan injunan da ake jin labarinsu. Lokacin da suka auna haɗuwar hiliyam-3 biyu a kuzarin da take faruwa a cikin rana, a mafi ƙarancin kuzarin da suka kai kimanin alama biyu suke samu a wata. Wannan adadi kaɗai ya isa ya nuna miki irin haƙurin da aikin ke buƙata.

Haƙurin kuwa ya biya. A 2004 suka nuna cewa naitirojin-14 yana kama furoton da kusan rabin saurin da aka ɗauka a da, kuma tun da wannan mataki ne ya fi kowane jinkiri a zagayen da manyan taurari ke ƙona haidurojin, sai lissafin shekarun tsofaffin dunƙulen taurari ya ƙaru da abin da ya kusa shekara biliyan ɗaya. A 2015 suka ga rezonans uku a haɗuwar niyon-22 da furoton waɗanda ba a taɓa ganinsu kai tsaye ba. Ƙasar Sin ma ta gina nata a Jinping da ke lardin Sichuan, ƙarƙashin dutse mai kaurin kimanin mita 2,400, kuma a can aka sake auna rezonans na keV 92 a haɗuwar maganiziyam-25 da furoton, wanda LUNA ta fara aunawa. Amurka tana da nata a tsohuwar mahaƙar zinariya ta Homestake a jihar Dakota ta Kudu.

Akwai wata haɗuwa da har yanzu ta gagari awo kai tsaye a kuzarin taurari, wato ta kabon-12 da hiliyam da ke samar da oksijin-16. Ita ce ke yanke yawan kabon da yawan oksijin da tauraro zai bari, kuma wannan rabo yana shafar yadda ƙaton tauraro zai ƙare. Abin da ya rikita ta shi ne wasu matakai biyu na oksijin-16, a MeV 6.92 da MeV 7.12, suna zaune ƙasa kaɗan da bakin da haɗewar ke farawa, amma tasirinsu yana tsallakowa, don haka sai an auna a kuzari mai yawa sannan a bi lissafi a gangaro.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, ni ma'aikacin sashen hoton cikin jiki ne a wani asibiti a Kano. A karatunmu an koya mana cewa fulorin-18 da ake amfani da shi a hoton PET rabinsa yake ƙarewa cikin ƙasa da awa biyu. Sai na karanta cewa wannan sinadari yana da muhimmanci a fashewar taurari. Ta yaya ake gwaji a kan abin da ba ya daɗewa?

AMSA: Malam, tambayarka ta faɗo daidai kan abin da ya raba nazarin tauraro mai ci a hankali da nazarin tauraro mai fashewa. A tauraro irin rana, cibiya marar ƙarko tana da isasshen lokacin rikiɗewa kafin wani abu ya same ta. A fashewa kuwa zafi da cunkoso sun yi yawa, har furoton yakan riske ta kafin ta rikiɗe, saboda haka hanyar samuwar sinadarai takan bi ta kan cibiyoyin da ba su wanzu a ƙasa sai an ƙera su.

Fashewar da fulorin-18 ya shafa ita ce nova. Akwai taurarin da ke tafiya biyu-biyu, ɗaya daga cikinsu ya riga ya mutu ya bar dunƙulen da girmansa bai wuce na duniyarmu ba amma nauyinsa ya kusa na rana, wanda ake kira farin wada. Wannan dunƙule yana janyo haidurojin daga abokin tafiyarsa, iskar ta taru a bayansa tana matsuwa, har zafinta ya kai tsakanin digiri miliyan 100 da miliyan 400, sai ta kama gaba ɗaya ta watse. Tauraron kansa ba ya halaka, kuma yakan maimaita. Wanda ake kira T Coronae Borealis ya yi a 1866 ya sake a 1946. Wannan ya bambanta da supanova, wadda ke tarwatsa tauraro ko ta rusa tsakiyarsa, irin wadda Ali ibn Ridwan ya gani a Masar a shekarar 1006 ya kuma rubuta bayanin haskenta.

Kamar yadda ka sani daga aikinka, fulorin-18 yana fitar da fositiron, wato takwaran ilektiron mai kishiyar caji, shi kuma ya gamu da ilektiron su ɓace su bar hasken gama na keV 511. Abin da na'urar PET ke kamawa a jikin majinyaci shi ne ake fatan kamawa daga nova. A sa'o'in farko iskar da ta watse tana da kauri, haske ba ya fita. Lokacin da ta yi shara-shara, sinadaran da ke ƙarewa cikin 'yan mintoci sun tafi, amma fulorin-18 mai minti 110 yana nan. Sai dai yawansa ya dogara ne a kan saurin da furoton ke lalata shi, inda su biyun ke zama niyon-19 na ɗan lokaci sannan ya rabe zuwa oksijin-15 da hiliyam. Ke nan matakan niyon-19 ne ke yanke nisan da za a iya hango nova da hasken gama.

Dabarar da aka samo ita ce juya gwajin. A maimakon a ajiye sinadarin a harbe shi da furoton, sai a ƙera shi nan take, a tace shi, a harba shi kan haidurojin. A Louvain-la-Neuve da ke Beljiyam aka fara wannan da naitirojin-13 a wajen 1990, daga baya aka yi da fulorin-18 a can, da Oak Ridge a jihar Tenesi, da ɗakin gwaji na TRIUMF a birnin Bankuba na Kanada. An auna rezonans na keV 665 da kyau, an kuma auna na keV 330 a Oak Ridge a 2002. Waɗanda ke ƙasa da haka su ne suka fi wuya, domin suna kusa da juna kuma suna iya ƙarfafa juna ko su rage wa juna ƙarfi.

A TRIUMF akwai na'ura mai suna DRAGON da aka gina musamman saboda wannan aiki. Ƙwayoyin da aka harbo suna ratsa iskar haidurojin da aka riƙe ba tare da murfi ba, ana zuƙe wadda ta tsere da famfuna masu ƙarfi, domin ko siririn murfi zai rage wa ƙwayoyin kuzari ya ɓata awon. Na'urorin kama hasken gama suna kewaye da wurin, sannan jerin maganaɗisu da faranta masu lantarki suna ware sabuwar cibiya guda daga cikin biliyoyin da suka wuce ba su haɗu da komai ba. Da ita aka auna yadda sodiyam-21, wanda rabinsa ke ƙarewa cikin daƙiƙa 22, yake kama furoton, aka fitar da sakamakon a 2003. A 2006 kuma aka auna rezonans na keV 184 na alminiyam-26. Shi wannan yana da muhimmanci na musamman, saboda rabinsa yana ɗaukar kimanin shekara 717,000 kafin ya ƙare, wanda ɗan lokaci ne a rayuwar taurari, amma tun farkon shekarun 1980 tauraron ɗan Adam mai suna HEAO-3 ya kama haskensa na MeV 1.809 daga tsakiyar garken taurarinmu. A ganina babu hujjar da ta fi wannan ƙarfi a kan cewa ana ci gaba da ƙera sinadarai har yanzu. An kuma sami sawunsa a dutsen Allende da ya faɗo a Meziko a 1969, abin da ke nuna cewa yana cikin ƙurar da rana da duniya suka samu daga gare ta.

Inda ba a iya samar da isassun ƙwayoyi ba, sai a bi ta bayan gida. Haɗuwar oksijin-15 da hiliyam, wadda ke da hannu wajen tayar da fashewar da ke aukuwa a bayan tauraron nutiron, wato matsattsen dunƙulen da ƙaton tauraro ke bari bayan ya fashe, ta rataya ne a kan mataki guda na niyon-19 a MeV 4.03. Ana samar da wannan mataki ta wata haɗuwa dabam mai sauƙi, a auna tsawon ransa da yadda yake rabewa, sannan a lissafo ƙarfin rezonans ɗin. Hanya ce mai amfani, amma ni na fi natsuwa da sakamako idan awo kai tsaye ya tabbatar da shi. Saboda irin waɗannan cibiyoyi ne aka buɗe babban ɗakin gwaji na FRIB a Jami'ar Jihar Mishigan a 2022.

TAMBAYA: Ni ɗan kasuwa ne a Agadas. Shin yuraniyam ɗin da ake haƙa a Arlit ma ta wannan hanya ya samu? Kuma ƙasashenmu za su iya shiga wannan bincike?

AMSA: Alhaji, yuraniyam da zinariya hanyarsu dabam ce. Daga ƙarfe zuwa sama haɗe cibiyoyi ba ya ba da makamashi, kuma katangar lantarki ta yi tsawo, don haka sinadarai masu nauyi sukan samu ne ta haɗiye nutiron, wanda ba shi da caji. Yuraniyam yana buƙatar ambaliyar nutiron cikin 'yan daƙiƙoƙi. A ranar 17 ga Agusta, 2017 aka ga karon taurarin nutiron biyu, kuma hasken da ya biyo baya ya nuna alamun sababbin sinadarai masu nauyi. Yuraniyam ɗin Arlit ya girmi duniya, wadda shekarunta suka kai biliyan 4.5. Kama nutiron ma yana da nasa rezonans, kuma ana auna su a wani sashe na CERN, babban ɗakin gwajin ƙwayoyin zarra na Turai da ke kusa da Janeba, tun 2001.

Game da shigarmu, akwai tushe. Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya tana da ƙaramar tukunyar nukiliya ta bincike tun 2004, Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife tana da injin harba ƙwayoyi na bolt miliyan 1.7, kuma iThemba LABS da ke kusa da Kef Tawun a Afirka ta Kudu ta yi awo a kan matakan kabon-12 da suka danganci na Hoyle. Injin Ife ya fi na LUNA na biyu yawan bolt, ko da yake an tsara shi ne domin tantance sinadaran da ke cikin ƙasa da ma'adinai da makamantansu. Abin da awon rezonans ke buƙata shi ne ƙwayoyi masu yawa a kowace daƙiƙa, da na'urorin kama haske masu kyau, da wutar lantarkin da za ta yi makonni ba ta ɗauke ba, domin gwajin da ke jiran alama ɗaya a yini ba ya jure katsewa. Hanya mafi kusa ga ɗalibanmu na fizis a yanzu ita ce su ƙware a kan na'urorin Zariya da Ife, sannan jami'o'insu su nema musu gurbi a ayarin da ke neman lokacin gwaji a iThemba, inda ake raba lokacin injin bisa ingancin shawarar binciken da aka gabatar.